Kusurwa Huɗu

A Hull nake, a wani ɗaki na sama
mai taga tana kallon bayan shagon kifi.
Biyar da rabi agogo ke kuka,
duhu bai san an yi asuba ba.
In zame daga bargo kamar ɓarawo,
in bar shi a cukurkuɗe, in fice daga gida.

Aikina gyaran gado ne, ka ji abin dariya.
A gidan kula da tsofaffi
gado goma sha huɗu ke jirana kullum.
In ja, in miƙar, in cusa, in shafa,
a rubuta min awa.
Nawa kuwa wata bakwai yana nan yadda na bar shi.
Wanzami ba ya son jarfa, haka aka faɗa.

Sai ɗaki na tara, wurin dattijo Walter,
shekara tamanin da takwas,
wanda jirgin kamun kifi ya cinye ƙuruciyarsa.
Hannunsa na rawa, cokali ma gagararsa yake,
amma gadonsa, a'a, kar wanda ya taɓa.
Ya dafa bango, ya ja zani da yatsu uku,
ya huta, ya zaga, ya sake ja.
Minti ashirin a kan abin da nake gamawa a minti guda.

Ran nan na ƙosa, na ce, "Baba, kawo in taya ka."
Ya dube ni ta saman tabarau.
"Yaro, teku ba ya jin magana.
Ya kifar da tukunya, ya kwashe raga,
ya ɗauki ƙanena ina kallo.
A jirgin nan kakaf
abu ɗaya ke bin umarnina: shimfiɗa."

Ban tanka ba. A bas na yi ta juya maganar.
Ni ma ina da nawa tekun:
takardun zama da suka ƙi fitowa,
kuɗin haya, da kiran Inna daga Malumfashi
da nake kallo har waya ta gaji ta yi shiru,
kamar tsakanina da ita an karya gada.

Washegari na gwada. Bas ya tafi ya bar ni.
Rana ta biyu na manta. Ta uku na yi, a karkace.
Kusurwa huɗu ce kawai, amma ta huɗun na jikin bango,
sai ka durƙusa, sai ka sa gwiwa,
kuma ba mai gani, ba mai cewa sannu,
babu awar da za a rubuta, balle lada.

Ban ce gado ya fito min da takardu ba. Har yau shiru.
Sai dai gado a gyare yana tona asirin kwano,
ka wanke kwano, ya nuna maka wasiƙun da ka ƙi buɗewa.
Wata Lahadi na zauna a gefensa,
a hankali don kar ya yamutse,
na kira Inna. Ta ce, "Sagiru, ashe kana da rai?"
Dariya da kuka ranar muka haɗa.

Walter ya tafi a Fabrairu, daren Talata.
Ni aka ce in yaye gadon, wani na zuwa da azahar.
Na sa sabon zani. Na ja da yatsu uku,
na huta, na zaga, na sake ja.
Maxine, shugabar aiki, ta leƙo, ta dubi agogo,
ta ja mana ƙofa, ta saɗaɗa.

Yanzu in na dawo da dare, ƙafa a kumbure,
ruwan sama ya bi ta wuyan riga,
in murɗa makulli, in kunna fitila:
ga shi a miƙe, yana jira.
Wani mutum ya fita nan da asuba, cikin sauri da sanyi,
amma ya tsaya ya tuna da wanda zai dawo.
A garin da ba ni da kowa
shi ke ce min sannu da zuwa gida.